Kwaɓin Baba Magini

Ranar da aka dawo da jaririn daga asibiti, Baba Magini ya baro wurin aiki tun rana na tsaka, abin da bai saba yi ba. Ya tsaya a famfon tsakar gida ya wanke hannu da sabulu, ya sake wankewa, ya goge a gefen riga, sannan ya yi sallama a ƙofar ɗakin da 'yarsa Auta take.

"Shigo mana, Baba," in ji Auta. "Ga baƙonka nan."

Matarsa, wadda kowa a gidan yake kira Inna, tana zaune a bakin gado tana ninke kayan jariri. Ko ɗago kai ba ta yi ba ta ce, "Zo ka ga wanda ya ƙwace ni. Ni dai na yi sabon miji, tsoho sai ya san inda dare ya yi masa."

"Wannan da ko haƙori babu? Bari ya fara kawo cefane tukuna, sai mu yi magana."

Auta ta miƙo masa yaron cikin shawul. Ya karɓa a hankali, yana jin nauyin nan da bai kai na rabin bulo ba. Yaron na barci, bakinsa na motsi kamar mai tsotso. Baba Magini ya kai babban yatsa ya shafa masa kumatu.

Sai yaron ya zabura ya tsala ihu. Kafin kowa ya ce wani abu, ja ya fito a kumatun, siriri, daga gefen ido zuwa kusa da baki.

"Wayyo, Baba, hannunka!" Auta ta fizge ɗanta ta rungume. Maganar na fita ta so ta mayar da ita, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe.

"Ba komai ba ne," in ji Inna. "Ko jini babu. Fatar jariri ce, ko ƙuda ya taka ta sai ta nuna."

Baba Magini ya dubi hannayensa kamar yau ya fara ganinsu. Siminti ya yi shekara da shekaru yana cin su. Tafin duk kanta ce, gaɓoɓin yatsun sun tsattsage, bakin kowace tsaga ya bushe ya tashi kamar sanfefar goge katako. Ga zaren shawul ɗin nan guda maƙale a babban yatsan.

Daga ranar bai sake ɗaukar yaron ba. Kullum da safe sai ya tsaya a bakin ƙofa, hannuwansa a baya, ya leƙa ya ce, "Yaya abokin takarata ya kwana?" In Auta ta ce, "Baba, karɓe shi mana," sai ya ce ya makara, ko ya ce rigarsa da ƙura. Ita kuma kunyar abin da ta yi ta hana ta matsa masa.

Abin da ya tsaya masa a rai shi ne lokaci. Mijin Auta a wani gari mai nisa yake aiki, kuma ya riga ya ce ƙarshen wata zai zo ya kwashe iyalinsa. Irin nisan da in an tafi, ba a sake ganin juna sai yaro ya yi ƙafa. Baba Magini ya ɗauki duwatsu da buhuna da bulon da ba su ƙirguwa, amma ga shi za a tafi da jikansa bai taɓa riƙe shi ya yi barci a hannunsa ba.

Ya gwada basilin. Ya zauna a saman fata bai shiga ba, a wurin aiki kuwa yashi ya manne masa har hannun ya koma kamar bangon da aka yi wa feshi. Ya sayi wani mai ƙamshi a kantin magani, ya shiga tsagun nan ya yi masa zafi kamar barkono.

Kafinta ne ya lura. Sun daɗe suna aiki tare, in wannan ya gama bango wancan ya ɗora rufi. Suna zaune a kan tarin bulo lokacin hutu, ya ga abokinsa yana ta juya hannu yana dubawa.

"Duba kake yi wa kanka, ko kuwa?"

Baba Magini ya ba shi labari a taƙaice.

"Af! To ai da ka faɗa tun tuni. Ni da na so in roƙe ka aron hannun nan in goge ƙofofi, sanfefata ta ƙare." Ya yi dariyarsa ya ƙoshi, sannan ya ce, "Ka san mai zuman nan na ƙarshen layin 'yan kayan miya? Ka je ka dubi hannunsa. Ya girme mu, amma tafinsa kamar na ma'aikacin banki. Shi yake haɗa abinsa."

Rumfar Mai Zuma ƙarama ce, kwalabe jere a kan katako, ƙudan zuma biyu-uku na zagaye bakin mazurari. Tsohon ya kama hannun Baba Magini ya juya shi, ya tsuke baki.

"Wannan hannu ko faskare? To, saurara. Wanda na haɗa ya ƙare, amma ba wuya gare shi. Ka samo ganyen ɗoɗɗoya da na zogale, ka shanya a inuwa har su bushe ƙayau. Ɗanye bai yi ba, ruwa shi ne abokin gabar abin nan. Ka zuba su a kwalba, ka cika da man zaitun. Ka sa kwalbar cikin tukunyar ruwan zafi, wuta kaɗan-kaɗan, kada ka soya shi. In man ya ɗauki launi da ƙamshi, ka tace. Sai ka narka kaki a ciki." Ya sunkuya ya ɗauko wani dunƙulen kakin zuma, rawaya, naɗe a takarda. "Kaso ɗaya kaki, kaso biyar mai. Kafin ka juye, ɗiga kaɗan a bayan cokali mai sanyi ka gani. Ka riƙe wannan da kyau, shi ke nan ya rage mini sai na sake komawa wurin amya."

"Ɗaya da biyar," in ji Baba Magini.

"Ɗaya da biyar."

A bayan gida akwai ɗan ɗakin da yake ajiye kayan aiki: shebur, baro, igiya, cokulan gini, ragowar buhunan siminti a kan katako. Nan ya mayar ɗakin haɗa magani, bai gaya wa kowa ba. Ya wanke rariyar tankaɗe yashi tas, ya baza ganyen a kai. Kullum in ya dawo sai ya murza ɗaya a yatsa, har ranar da ya ji ya ruguje ya zama gari.

Ranar hutunsa ya jira Inna ta fita unguwa, ya ɗauki risho da tsohuwar tukunya ya shige. Ya yi komai yadda aka ce. Ya zauna a kan bokiti yana gadin wuta, ruwa na motsi a hankali, man na komawa kore-kore, ƙamshin ɗoɗɗoya ya danne warin siminti. Ya tace da sabon ƙyalle, ya matse har ɗigon ƙarshe. Da ya ɗaga kwalbar a hasken taga, sai ya ji daɗi irin na wanda ya ja igiya ya ga bango ya tafi sak.

Sai aka zo kan awo. Ya ajiye kakin a gefe, man a gefe, ya tsaya yana kallonsu.

Ɗaya da biyar. Ya san irin wannan lissafin. Shi ne na masu buga bulon sayarwa, buhu guda a yashi ba iyaka, bulon da in ka ɗaga shi da ƙarfi sai ya bar maka rabi a ƙasa. Ya sha ajiye aiki ya tafi gida saboda mai gini ya ce a rage siminti. Duk garin an san shi da wannan, kuma da shi yake taƙama. Ai kaki shi ne simintin abin nan, shi ke riƙe shi. Mai Zuma mutumin kirki ne, amma ɗan kasuwa ne, awon kasuwa ya ba shi. Wannan kuwa ba na sayarwa ba ne, saboda jikansa ake yi.

Ya zuba kakin gaba ɗaya, ya auna mai daidai da shi, rabi da rabi. Sauran man ya rufe ya tura bayan buhuna. Zancen cokali mai sanyi kuwa bai bi ta kansa ba. Wanda ya shekara talatin yana kwaɓi, ido ya ishe shi.

Ya juye a gwangwanaye uku da ya wanke ya kife tun jiya. Kafin ya gama goge tukunya har sun fara kamawa.

"Ka ga kwaɓi," ya ce da kansa.

Washegari da sassafe ya leƙa, ya ga sun yi fes, sumul. Hannunsa ne ya yi sauran aikin kafin kansa ya farka: ya ɗebo ruwa ya yayyafa musu, ya jiƙa tsumman buhu ya rufe, kamar yadda yake yi wa kowane sabon aiki don kada ya tsage.

Da yamma ya dawo da ɗoki. Ya wanke hannu, ya yaye tsumman, ya danna yatsa. Yatsa bai shiga ba. Ya sa farce, farcen ya lanƙwashe. Ya kife gwangwanin ya buga a ƙasa, abin ya faɗo ƙwal, ya gangara har gindin baro ko ɓantarewa bai yi ba. Ya ɗauka ya goga a tafin hannu, kamar mai goga kyandir a bango.

A nan ne maganar tsohon ta dawo masa, har da ta ruwa.

Ya sa takalmi ya nufi kasuwa. Rumfar a rufe. Mai tumatir ta kusa ta ce ai ya tafi wurin amyarsa, ba a sa ran shi sai wata ya kama.

A hanyar dawowa bai ga kowa ba, ko masu gaishe shi. A sana'arsa abin da ya kama ya kama. In ka yi kuskure a kankare, ba lallashi ba ban-baki, sai dai guduma. Kaki ya ƙare, kuma shi ya ƙarar da shi da hannunsa. Ya tattara dunƙulen uku ya jefa cikin bokitin da yake tara ɓaraguzai, ya zauna a kan buhu, hannuwansa a tsakanin gwiwoyi.

Haka Inna ta same shi.

"Ashe nan rishona ya yi aure. Ina ta zargin maƙwabta." Ta dubi tukunya, ta dubi rariya da ragowar ganye, ta shinshina iska. Ta leƙa bokitin ta ɗauko guda. "Wannan fa? Sabon samfurin bulo ne?"

Ya so ya yi shiru, amma shekarun da suka yi tare sun wuce a yi wa juna ɓoyo. Ya faɗa mata, tun daga Kafinta har zuwa rabi da rabi. Ta daure ba ta yi dariya ba. Da ya zo kan tsumman buhu kuwa sai ta dafa bango.

"Ban-ruwa ka yi masa? Malam, man shafawar ka yi wa ban-ruwa?"

"Hannu ne ya saba."

Ta yi dariya har da hawaye. Da ta ga shi ko murmushi bai yi ba, sai ta share ido da bakin mayafi, ta jawo bokiti ta zauna kusa da shi.

"To yanzu don me ka zubar?"

"Ya riga ya kama."

"Sai me?"

"Abin da ya kama ai ya kama."

"A wurinku ba. Kai ba ka ganin guntayen kyandir da nake tarawa a gwangwani in narka in sa sabon lagwani? Kaki ai ba ya riƙon zuciya. Ka nuna masa wuta, ya manta duk abin da ka yi masa. Ina sauran man?"

Ya ɗago kai a hankali. Ya miƙa hannu bayan buhuna ya jawo kwalbar. Ta fi rabi.

"Ka ga rowar da ka yi wa man ita ta cece ka," in ji Inna. "Tashi. Amma ba a cikin ƙurar nan ba, mu je kicin."

Ta wanke dunƙulen, ta goge, ta kankare saman da ruwa ya taɓa, ta bar su a faranti suka sha iska har ba sauran danshi. Shi kuma ta ba shi abin goga kuɓewa ta ce ya gurza, tunda ƙarfi gare shi. Suna cikin haka Auta ta shigo, ta samu yaron ya yi barci.

"Me ake dafawa haka mai ƙamshi?"

"Tambayi babanki. Kwangila ya samu."

Auta ta dubi garin kakin, ta dubi kwalba, sannan idonta ya sauka a kan hannayen da ke riƙe da magogi. Ba ta sake tambaya ba. Ta matso ta ce, "Kawo in riƙa juyawa, Baba. Kai ka auna."

Wannan karon ya auna da kofin shayi, yana ƙirgawa a fili kamar ɗan koyo. Man kwalba bai kai biyar ba, Inna ta cika da nata na girki. Kakin ya narke a cikin kwano bisa ruwan zafi, ya ɓace cikin man kamar bai taɓa yin taurin kai ba. Baba Magini ya sunkuya yana kallo. Bai taɓa ganin kuskure ya koma ruwa ba.

Auta ta ɗauko cokali daga firji, ta ɗiga, suka jira. Ta miƙa masa. Ya danna yatsa, yatsan ya nutse, abin ya narke a kan fata ya bi tsagun ya shige, ba zafi ba raɗaɗi.

"Yaya?" in ji Inna.

"Ya yi ruwa-ruwa da yawa."

"Ka ji shi ko! Auta, ɓoye sauran garin kakin nan."

Gwangwani uku ba su isa ba, sai da aka nemo kwalaben man kai da wani kofi mai murfi.

Sauran aikin na haƙuri ne. Ya shafa da safe, ya shafa in ya dawo, bayan ya wanke simintin tas. Inna ta ba shi tsohuwar safar ƙafa ya riƙa zura hannu in zai kwanta. A wurin aiki ya soma sa safar hannu ta roba, abin da a da yake cewa na ragwaye ne.

"Ku ba da hanya, likita ya iso!" in ji Kafinta. "Wane bangon za a yi wa tiyata yau?"

"Bakinka za a fara ɗinkewa."

Da yake magini ba ya yarda da aiki sai ya gwada, ya samo ma'auninsa. Akwai wani ɗankwalin Inna mai santsi da ke rataye a bayan ƙofa. Kullum sai ya shafa tafinsa a kai. Da farko ɗankwalin biyo hannun yake yi, yana ƙara kamar ana yage takarda. Bayan kwanaki ya daina biyowa, sai ɗan kamu nan da can. Tsagun suka rufe ɗaya bayan ɗaya. Kantar dai tana nan, ita ba ta zuwa ko'ina, amma ta yi laushi kamar fatar tsohon takalmi.

Babban yatsan dama ne ya ƙi. Tsagarsa ta fi zurfi, nan cokalin gini yake zama.

Ranar tafiya mijin Auta ya zo da motar haya tun da hantsi. Ana ta fitar da jakunkuna, Baba Magini ya shige bayan ƙofa ya shafa ɗankwalin. Yatsu suka wuce sumul. Babban yatsan ya kama zare ɗaya.

Ya fito tsakar gida, hannuwansa a baya.

"To, Allah ya kiyaye hanya," ya ce. "Abokin takara, sai wata rana."

Auta na tsaye da yaron a kafaɗa, yana ta ƙananan koke-koke tun safe. Ta zo gabansa.

"Baba, riƙe mini shi in ɗaure jaka."

"Ba wa Inna."

"Inna na da aiki."

"Hannuna cike yake," in ji Inna, wadda ba ta riƙe da komai.

"Akwai yatsa guda da bai gama ba," ya ce a hankali.

"To ka riƙe shi da tara. Baba, hannuna ya gaji."

Ba ta jira ba, ta ɗora masa. Ya lanƙwashe babban yatsan cikin tafi, ya tallafi kan yaron da sauran. Fatar wuyan nan mai ɗumi ta kwanta a hannunsa. Ya tsaya cak, yana jiran ihu. Yaron ya ɓata fuska, ya yi atishawa saboda ƙamshin ɗoɗɗoya, ya buɗe ido ya ƙare wa tsohon kallo. Sai ya yi hamma, ya juya kumatunsa cikin tafin, wannan kumatun dai, ya lafe.

Baba Magini ya laluba da ƙafa ya sami kujera ya zauna.

Direba ya danna hon a waje. Surukin ya leƙo, ya rusuna. "Baba, direba na cewa rana na yi."

"Ka ce masa ya kashe mota. Barcin bai kama ba tukuna."

Auta ta shiga kicin ta fito da kwalba biyu tana cusawa a jaka. "Na ɗauki rabona. Wankin kayan yaron nan ya fara cin hannuna. In ya ƙare zan bugo waya ka faɗa mini yadda ake yi."

"Ɗaya da biyar," ya ce, bai ɗauke ido daga yaron ba. "Kada ki ƙara ko kaɗan."

"Ji mai wa'azi," in ji Inna.

Shi ya kai yaron har bakin mota, yana tafiya kamar mai ɗauke da kwano cike da ruwa. Inna na biye da shi tana cewa, "A hankali da mijina. Kuma don Allah, Malam, wannan kada ka yi masa ban-ruwa."

Baba Magini ya tsaya. Wani ɗumi ne ya ji yana bin hannun rigarsa, yana gangarawa gwiwar hannu. Ya dubi rigar, ya dubi yaron da ke barcinsa hankali kwance.

"Kin makara," ya ce. "Shi ya riga ya yi mini."